Haliru Ba Zai Bar Gidan Hajiya Ige Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu na gidan yara na marigayiya Hajiya Ige, Badariya, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina yi maka barka da aiki, barka da hidimar jama'a. Ni ne Malam Sahabi, tsohon malamin firamare, wanda ku da kanku kuka bar wa kula da yaran gidan nan bayan rasuwar Hajiya, ni da maiɗakina Kulu, wadda yaran ke kira Inna. Ba sai na yi dogon bayanin kaina ba. A zaure ɗaya muka yi karatun allo da kai, ka san ni tun ba ni da gemu, ka kuma san ba ni da kunyar faɗin abin da ke raina.

Wallahi ban so a ce sai duniya ta ji tsakaninmu ba. Na je gidanka an ce kana hutawa. Na je injin shinkafarka an ce ka fita yanzu-yanzu, alhali ga motarka a inuwa. Na kira wayarka har na gaji da jin muryar matar nan da ke cewa a sake gwadawa. To, tunda abin da aka yi wa yaron nan a bainar jama'a aka yi shi, ku kuma kuka shiga ɗaki kuka rufe ƙofa kuka yanke hukunci, ni zan mayar da maganar inda ta fara, gaban jama'a.

Maganar ita ce, sakatarenka ya zo mini da saƙonku cewa wani yaro daga cikin yaran gidan, mai suna Haliru, ya bar gidan kafin azumi ya kama, wai don ba a san ubansa ba. An kuma ce ni zan gaya masa, ni zan haɗa masa kayansa. Ga amsata tun daga farko, don kada ka wahala da karatu kana neman ta: ba zan yi ba. Sauran abin da ke ƙasa dalilaina ne.

Na farko, bari in faɗi ko wane ne yaron, don an ce mini a zaman da kuka yi ko sunansa ba a kama ba, "yaron nan na tasha" kawai ake ta cewa.

Shekarun baya wata mata ta sauko daga babbar mota a tashar garin nan tana riƙe da hannun ɗanta, wanda bai daɗe da iya magana ba. Jikinta na ta rawa da zazzaɓi. Mai shayi ya ba ta benci ta kwanta, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Direban da ya kawo ta ya ce a hanya ta tsayar da shi, bai san daga inda ta fito ba. 'Yan tasha suka haɗu suka yi mata sutura, aka sallace ta aka kai ta makwancinta. Aka yi cigiya a masallatai, aka yi a rediyo, shiru. Yaron kuwa abu ɗaya ya sani a duniya, sunansa Haliru. Daga nan ya zama na kowa, wato ba na kowa ba. Masu abinci su ba shi ƙanzo ya wanke musu kwanuka, in dare ya yi ya shige ƙarƙashin teburin masu albasa. A nan babur ya buge shi, ba wanda ya kai shi ɗori, ƙafarsa ta hagu ta warke a karkace, har yau jan ta yake yi. Duk laifin Haliru ke nan, Alhaji: uwarsa ta mutu kafin ta faɗi sunan mijinta.

Ba ni na kawo shi gidan nan ba. Hajiya Ige ce, Allah shi jiƙanta, matar da ta gina gidan da guminta na sayar da shinkafa ta kuma bar shi wakafi don yara. Ita ta kamo hannunsa daga tasha, yana tirjiya yana cizonta, ta zaunar da shi a tsakar gida ta dirje masa ƙazuwa da hannunta. Ina tsaye a wurin. Ban ji ta tambaye shi ɗan wa ne ba, abin da na ji ta ce wa Kulu shi ne a ɗumamo masa tuwo. Watannin farko mun sha fama. Ba ya kwana a ɗaki sai a zaure kusa da ƙofa. In an ba shi abinci sai ya cusa rabi a riga. Ba ya magana, ba ya dariya, in ka ɗaga hannu za ka sosa kanka sai ya duƙe. Yau yaron nan ya kusa gama firamare, a Islamiyya shi ke biya wa ƙanana karatu in malam ya makara, kuma shi ne babban makaɗin gidan.

Na biyu, maganar kiɗa, don ita ta kai mu inda abin ya faru.

Na san har gobe akwai 'yan kwamitinka da ke ganin ganga a gidan marayu abin kunya ne, suna cewa Sahabi na mayar da 'ya'yan mutane maroƙa. Ba su taɓa faɗa a gabana ba, amma garin nan ƙarami ne. Ni ma maraya ne. Kawuna ya rene ni a Zauro, kuma makaɗin noma ne, ba na ɓoyewa. Na taso ina riƙe masa ganga a fadama ranar gayya. A can kowane gida da takensa, wato ɗan salon kiɗan da in an buga kowa ya san da mutanen gidan wane ake. Za ka ga mutum ya gaji liƙis ya zauna a bakin gona yana haki, da kawu ya saki taken gidansu sai ya miƙe ya yi kirari ya koma cikin shinkafa kamar yanzu ya zo. Ɗa yana gadon taken ubansa kamar yadda yake gadon gona.

Yaran gidan nan ba su gaji take ba, wasu ma ba su san an taɓa yi wa gidansu ba. Shi ya sa duk yaron da ya shigo, sai in zuba masa ido in ga halinsa da tafiyarsa, in ƙirƙira masa nasa. Ba mu da ƙararrawa a gidan nan. Bayan sallar asuba, in lokacin shirin makaranta ya yi, taken kowa nake bugawa ɗaya bayan ɗaya, mai shi ya fito ya ɗauki tsintsiya ko bokiti. Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya muke koyon kiɗa da wasan kwaikwayo. Lokacin yankan shinkafa manoman Zauro kan gayyace mu ƙarshen mako, yara su yi musu kiɗan aiki, su kuma su auno mana shinkafa, da ita ake tuwon gidan har wani lokaci mai tsawo. Doka ɗaya na kafa tun farko, kuma ka sani: ba yaron da zai tsaya gaban mai kuɗi yana wasa shi don a ba shi. Aiki suke yi a biya su, ba roƙo ba.

Taken Haliru daga tafiyarsa na ɗauko shi, duka biyu a jere sai ɗan jinkiri, kamar yadda ƙafar hagun ke biyowa a baya. Na yi kwanaki ina bugawa bai kula ba. Ranar da ya gane da shi gangar ke magana, yana tsakiyar ratsa tsakar gida ne, sai ya tsaya, na tsaya, ya taka, na buga. Sai yaron nan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Kulu ta fito daga madafa da muciya a hannu tana salati, don tunda ya zo ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa. In ya zo yin kirari, inda sauran yara ke cewa ɗan wane, shi "na Inna Kulu" yake cewa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, 'yan kokawa da manoma da yawa da sunan uwa ko yaya ake yi musu kirari, ba wanda ya taɓa cewa ya ji wani iri.

Na uku, abin da ya faru a Argungu.

Bayan girbin shinkafar da ya wuce, wata Asabar, kwamitinka ya shirya taron neman gudummawa a Argungu don a sake rufin ɗakin 'yan mata da ke yoyo. Madalla da wannan, ban ƙi ba. Tsarinku shi ne bayan yara sun yi wasa, a jera su, sanƙira ya kira kowane yaro da sunan mahaifinsa marigayi da unguwarsu, duk wanda ya san mamacin ya taso ya yi wa ɗansa liƙi. Ban ce dabarar banza ba ce, haka ake yi a bukukuwanmu, mutum kan buɗe hannu in ya ji sunan wanda suka yi zaman mutunci da shi. Amma ni na san yarana. Tun ana saura mako na sami sakatarenka na ce masa akwai wanda ba a san mahaifinsa ba, a gaya wa sanƙira ya kira shi da Haliru na Inna Kulu ya wuce. Ya ce an gama, Malam. A cikin mota muna hanyar Argungu na sake tuna masa, ya ce haba Malam, sau nawa zan faɗa. Da muka isa sai ya duƙufa jera kujerun manyan baƙi da lissafin wa zai zauna kusa da wa, bai ko yi wa sanƙiran magana ba.

Yara sun yi wasa, kai shaida ne. Wasan manoma ne da tsuntsaye masu cinye shinkafa, ƙananan su ne tsuntsayen, sun ɗaura tsummoki a hannu suna firfita. Mutane sun yi dariya har da share hawaye. Haliru ne ya ja kiɗan tun daga farko har ƙarshe, har wani dattijo ya jingine sandarsa ya shigo fili ya taka. A lokacin na ce a raina yau kam yaran nan sun fita kunyar kowa.

Sai aka jera su. Na farko ɗan wani masunci ne na nan Argungu, da aka kira sunan uban sai ga mutane sun taso ɗuu. Ta biyu ɗiyar wani malamin makaranta ce, tsofaffin ɗalibansa suka yi mata ruwan liƙi. Haka har aka iso kan Haliru, gangarsa na rataye a kafaɗa, gumi bai ma bushe masa ba. Sanƙira ya kai masa abin magana baki ya ce ɗan wa. Yaro ya ce na Inna Kulu. Sanƙira ya ce ba uwa aka tambaya ba, uba. Yaro ya sunkuyar da kai. Sanƙira ya sake tambaya, yaro bai ɗago ba. Ɗakin taron ya yi tsit. Sai bawan Allahn nan ya juyo ga jama'a ya ce, "Wanga kam tsintuwa ce, wanda duk ya yar da nashi shi zo shi duba."

Aka kwashe da dariya. Ba kowa ba, Allah ya sani. Na ga mata sun rufe baki da gyale, na ji dattijon nan da ya yi rawa yana cewa subhanallahi. Amma kai, Alhaji, kana sahun gaba, kana cikin waɗanda suka yi dariya, har ka sa hannu ka gyara hularka da ta karkace. Na gan ka da idona, kada wani ya ce mini ban gani daidai ba. Kuma ba wanda ya taso. Yaron nan yana tsaye shi kaɗai a gaban ɗaruruwan idanu, ba mutum ɗaya da ya miƙe ya je wurinsa.

Ni ina can gefe wajen ƙananan. Na fizgi gangar wani yaro na saki takensa da duk ƙarfina, don ya ɗaga kai ya san akwai nasa a wurin. Tun ranar da ya gane takensa ne bai taɓa jin sa bai amsa ba, ko yana zazzaɓi sai ya motsa. Ranar bai ko waiwayo ba. Ya sauke gangar daga kafaɗa a hankali ya ajiye a ƙasa, ya ratsa tsakiyar ɗakin daga gaba har ƙofa yana jan ƙafa, wayoyi na bin sa. A bayan motar da ta kawo mu na same shi a tsugune. Bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Kafin mu dawo Birnin Kebbi hoton ya riga mu isowa. Ranar Litinin a makaranta yara sun daina kiran sa Haliru, sai Tsintuwa.

Ba sanƙiran nake kawo ƙara ba. Sana'arsa ce ba ta son shiru, in wuri ya yi tsit sai bakinsa ya nemi abin cikewa. Ya yi mugun abu, amma bayan kwana biyu ya hau mota tun daga Argungu ya zo har gidan nan ya durƙusa a zaure, ya rantse ba wanda ya gaya masa komai, ya nemi yaron ya yafe masa. Mutumin da kuke kira maroƙi ke nan. Daga kwamitinku kuwa ko sannu ba a aiko ba.

Na huɗu, hukuncinku da hujjojinku.

Na zauna ina jiran ku zo ban haƙuri, sai ga sakatare da saƙon kora. Kuma bai iya ko rage murya ba. A zaure ya tsaya yana zuba, yara na bayan bango suna wanke kayan makaranta, Haliru na cikinsu. Don haka maganar wai ni zan gaya masa ma ta ƙare, mutuminka ya riga ya gaya masa.

Ya ce hujjarku ta farko ita ce na kunyata kwamiti da na kai yaro marar asali gaban manyan baƙi. Haba Alhaji! Ni na kunyata ku? Ni na tsara a riƙa kiran matattu ana tara kuɗi? Ni na manta da saƙon da aka ba ni har sau biyu? Wanda ya yi sakacin shi kuka aiko ya kori wanda aka yi wa laifin, ko a jikinsa, har da sabuwar shadda. In kunya kuke ji, to ku ji ta daidai inda take. Yaron bai yi komai ba face kiɗan da ya sa baƙinku suka saki jiki suka buɗe aljihu, kuma da abin da aka tara ranar ake shirin sayen kwanon rufi. Ban ji an ce za a ware kason da kiɗansa ya jawo a mayar wa masu shi ba.

Hujja ta biyu ita ce ta fi ƙona mini rai. Wai wasu masu ba da taimako sun ce ba za su zuba sadakarsu inda ake ciyar da yaran da ba a san ta hanyar da aka same su ba, kada gidan ya zama wurin da marasa kamun kai ke zuwa jefar da abin kunyarsu. Inna lillahi. Wa ya gaya musu haka aka sami Haliru? Wa ya gani? Matar nan ta sauko daga mota da ɗanta a hannu, ba a kwali ta jefar da shi ba, mutuwa ce ta raba su. Mai yiwuwa gidan iyayenta za ta, mai yiwuwa mijinta take bi, mai yiwuwa akwai wani tsoho a wani ƙauye da har yau yake zuba ido a hanya. Ba mu sani ba, ku ma ba ku sani ba. Amma kun zauna a kan kujeru kun yi wa matar da ke kwance a kabari ƙazafi, don kun san ba ta iya tashi ta kare kanta. Ku ji tsoron Allah.

Kuma ko da a ce abin da suke zargi gaskiya ne, yaron me ya yi? An yi shawara da shi? Malaminmu na zaure, Allah shi gafarta masa, ya karantar da mu cewa wanda ba a san ubansa ba ɗan'uwanmu ne a addini. Kana gefena ranar, ko da yake gyangyaɗi ya fi yawa a karatunka, amma na san wannan kam ka ji. Garin nan da muke alfahari da shi garin malamai ne. Ka zaga duk zaurukan karatu na Birnin Kebbi ka kawo mini malami ɗaya da zai ce a fitar da yaro daga inuwa zuwa titi don ba a san mahaifinsa ba. In ka samo shi, ka zo da shi ya faɗa a gabana.

Ka san halin da gidan ke ciki yanzu? Haliru bai sake taɓa ganga ba. Abinci sai Kulu ta zauna ta tsare shi. Makaranta ma ita ke raka shi har bakin aji, mace mai ciwon gwiwa, saboda masu tsokana. Sauran yaran kuma sun sha jinin jikinsu, don ba shi kaɗai ne labarinsa ke da giɓi ba. Wata 'yar ƙarama ta tambayi Kulu ko ita ma sunanta na cikin waɗanda za a kora. Abin da muka yi shekaru muna ginawa, yaro ya kwanta ya yi barci bai sa ido ga ƙofa ba, kun rushe shi a zama ɗaya kuna shan lemo.

Na biyar gajere ne. An ce mini in na ƙi bin umarni za a karɓe makullan gidan daga hannuna a ba wani. Bismillah. Ba albashi kuke ba ni ba balle ku tsayar, da ɗan fanshona nake sayen sabulun gidan nan. Amma ku tuna sunanku amintattu, ba magada ba. Hajiya Ige ba ta bar muku gida ba, amana ta bar muku, kuma yaron da kuke son fitarwa yana cikin amanar tun tana da rai. Maƙwabtanmu na Badariya sun san wannan, manoman Zauro da ya yi wa kiɗa a rana sun sani, yanzu kuma duk mai karanta wannan ya sani.

Ga abin da nake nema, ranka shi daɗe, kuma ba da yawa ba ne.

Ku janye hukuncin nan. Kuma tunda a kunnen yara aka faɗe shi, a kunnensu za a janye shi, ba a aiko mini a waya ba.

Ka zo da kanka ka ba yaron haƙuri a kan dariyar da ka yi. Ba zai rage ka da komai ba. Wanda bai kai ka girma ba ya yi tafiya mai nisa ya yi haka.

Daga yau kada a sake jera yaran gidan nan ana tambayar su ubanninsu don a tara kuɗi. In kuna son taro, yara na da wasa, suna da kiɗa, mutane su zo su kalla su biya kamar yadda ake biyan kowane mai sana'a. Masu taimakon da suka ce sai sun binciki asalin yaro kafin su ba shi loma kuwa, a gode musu, su riƙe abinsu. Mun ci tuwo kafin su zo.

Saura magana ɗaya. Jiya bayan la'asar ina alwala a bakin rijiya Haliru ya zo ya tsaya a kaina. Bai tambaye ni dalili ba, bai roƙe ni komai ba. Cewa ya yi, "Baba, inda za a kai ni akwai makaranta? An ce jarrabawarmu bayan Sallah ce." Na ce masa ba inda za ka, kana nan. Ya dube ni irin kallon da babba ke yi wa yaro, ya ce, "Ai ba kai ke da gidan ba, Baba." Ya ɗauki butar ya cika mini ya tafi.

Gaskiya ya faɗa, ba ni ke da gidan ba. Kai ma ba kai ke da shi ba. Na tambayi sakatarenka ina za a kai shi, ya ce ba a tattauna wannan ba. Wato kun zauna kun yanke ranar fitarsa, ba wanda ya tuna cewa in yaro ya fita ƙofa sai ya nufi wani wuri. To ni ban da amsar da zan ba shi, kuma hannuna ba zai haɗa kayansa ba, na Kulu ma haka. In kun dage, kada ka aiko kowa. Ka zo da ƙafarka, za ka same ni zaune a bakin zaure, shi kuma yana gefena. Ka dubi idonsa ka gaya masa inda za shi, ka gaya masa ko akwai makaranta a can. In bakinka ya iya, sai ka tsallake ni ka kama hannunsa.

Allah shi ja zamaninka, shi ƙara maka lafiya da buɗi na halal. Allah shi raya maka zuri'a, shi sa ka ga girmansu da idonka, kada ɗayansu ya taɓa tsayawa gaban taro shi kaɗai ba mai tasowa dominsa. Allah shi nuna mana gaskiya, ni da kai, shi ba mu ikon bin ta tun muna da sauran numfashi.

Wassalam.

Naka,
Malam Sahabi,
Mai kula da gidan yara na marigayiya Hajiya Ige,
Badariya, Birnin Kebbi.